Tambayar Lasisin Likita Ba Rashin Kunya Ba Ce

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce neman ganin takardun likita cin fuska ne, tunda waraka ta Allah ce. Babu mai jayayya da cewa waraka ta Allah ce. Amma wa ya ce a miƙa jijiya ga duk wanda ya rataya farar riga?

Zagaya lungunan Fagge da Sabon Gari da yamma. Za ka tarar da kemis mai labule a baya, yaro kwance a benci, an rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusa, mai shagon kuma kowa "dokta" yake ce masa. Lasisin sayar da magani bai ba shi izinin huda jikin kowa ba. Likitan gaske sai ya yi shekara 6 a jami'a, ya ƙara 1 yana koyon aiki a asibiti, ya yi rajista da hukumar kula da likitoci ta MDCN, kuma duk shekara sai ya sabunta lasisinsa. A Kano, asibitin kuɗi sai ya samu rajistar PHIMA, hukumar da ta sha garƙame na bogi.

Ka ce ai ana gane ƙwararre da ido. A 2015 aka bankaɗo wani da ya shafe shekara 9 yana aikin likita a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da takardun abokinsa. Manyan likitoci na kewaye da shi, ba su gane ba, balle tsohuwar da ta goyo jikanta cikin dare.

Jama'a, ku tambaya. Wanda ya fusata don an nemi ganin lasisinsa, ku ɗauki majinyacinku ku yi gaba.