Kafin Ka Sayi Amfilifaya, Duba Abin da Kake Zuba Mata

Ma'aikacin da aiki ya kai shi Kiru, Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa, malamin makaranta ne ko jami'in lafiya, yakan wayi gari kwamfutarsa ta zame masa abokiyar hira. Da ita yake aiki da rana, da ita yake sauraron waƙa da dare. Idan sautin ya daina gamsar da shi, shawarar da ya fi samu ita ce ya shiga Kano, ya nufi titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, ya sayo hedifon mai tsada da amfilifaya. A ganina wannan shawara ta sa na ƙarshe a farko. A jihar da mafi ƙarancin albashinta ya tsaya a naira 71,000 a shekarar 2024, ya kamata mutum ya san inda kuɗinsa zai yi amfani kafin ya fitar da shi.

Sauti yakan bi matakai huɗu kafin ya isa kunne. Akwai fayil ɗin waƙar, akwai na'urar da ke juya lambobin kwamfuta su zama sauti, akwai amfilifaya mai ƙara masa ƙarfi, sannan hedifon. Babu matakin da zai iya dawo da abin da ya zube a matakin da ya gabace shi. Ruwan da ya baro Tiga da laka, duk faɗin magudanar da aka gina masa, da lakarsa zai isa gona.

Saboda haka a fara da fayil. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, yayin da MP3 da aka saba gani yake tsayawa a 128, wani ma ƙasa da haka. Yawancin waƙoƙin da ke cikin kwamfutocinmu daga hannun masu tura waƙa a kasuwa suka fito, ko aka tsamo su daga bidiyo, kuma duk lokacin da aka sake matse fayil sai wani abu ya salwanta. Waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Musa Ɗankwairo, sun fi shan wannan wahala, domin da yawansu daga kaset aka kwafo su, kaset ɗin ma kwafin wani ne. Hedifon mai kyau ba ya gyara irin wannan, sai ma ya ƙara fito da shuuu ɗin kaset fili. Neman kwafi mai kyau, MP3 mai kilobit 320 ko fayil ɗin FLAC, ya fi kowane sayayya sauya abin da kunne zai ji.

Mataki na biyu shi ne hedifon, kuma a nan kuɗi yake da tasiri na gaske. Sai dai a yi hattara da waɗanda aka ƙera don su riƙa dukan kunne da ƙasan sauti. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuwa bin hawa da saukar magana yake yi, gwargwadon yadda makaɗi ya matse tsarkiyarsa ko ya sassauta. Muryar mawaƙi, amsawar 'yan amshi da kuntigin Ɗan Maraya Jos duk a tsakiyar sauti suke zaune. Hedifon da ya cika rugugi binne su yake yi. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: ka tafi shago da waƙar da ka sani sosai, ka saurara ko kana rarrabe kalmomin 'yan amshi ɗaya bayan ɗaya. Ga wanda ke kusa da injin casar shinkafa a Tudun Wada ko tashar mota a Kwanar Dangora, mai rufaffen baya ya fi dacewa, domin yana tare hayaniyar waje. A kuma zaɓi wanda ake iya sauya wa waya da soson kunne, tunda zafi da ƙurar hunturu su suke fara ci.

Na uku shi ne wuta, abin da masu sharhin kayan sauti a Turai ba su cika damuwa da shi ba. Da yawa daga cikin zizar da ake ɗora wa kwamfuta laifinta, daga caji take shigowa, musamman idan wutar ta ƙaramin janareta ce ko ta infata mai araha. Ka zare wayar caji, ka bar kwamfutar a kan batirinta. Idan zizar ta ɗauke, ka gano mai laifi ba tare da kashe ko sisi ba. Amfilifayar da aka jona a wannan wutar tana iya ƙara wa zizar ƙarfi tare da waƙar.

To, amfilifaya ba ta da amfani ke nan? Tana da shi, amma a wurinta. Ana auna nauyin da hedifon ke ɗora wa na'ura da ma'aunin om. Mafi yawan waɗanda ake sayarwa suna wajen om 32, kuma kwamfuta tana iya tuƙa su ita kaɗai. Irin su Sennheiser HD 600 mai om 300, ko Beyerdynamic DT 770 samfurin om 250, su ne kan yi sanyi idan babu mai tura su. Wanda ramin sautin kwamfutarsa yake da rauni ko yake ƙara, 'yar ƙaramar na'urar juya sauti da ake soka wa a USB takan wadatar da shi, kuma ba ta buƙatar wutar bango.

Akwai dalilin da ya fi kuɗi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako ba tare da illa ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro. Ƙananan gasun da ke cikin kunne, masu karɓar sauti, idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Mai ƙure murya don ya danne ƙarar janareta, idan aka ba shi amfilifaya, an ƙara masa abin da zai cutar da kansa ne.

Wani ɓangare na gyaran ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. Tsofaffin faifai da kaset na manyan mawaƙanmu suna ajiye a gidajen rediyon Kaduna da Kano da hannun iyalansu, kuma zaren kaset yana lalacewa da shekaru. Masu ilimi da hali, waɗanda ke iya sayen hedifon na dubban nairori, su ne suka fi cancanta su matsa a kwafe wannan taska da inganci, a sayar da ita ta hanyar da magada za su amfana. Idan ba a yi haka ba, za mu mallaki kayan sauraro masu kyau, mu rasa abin da za mu saurara da su.