Daga tashin makaranta zuwa magariba, ina yaranmu suke?

Makarantun gwamnati a Legas suna tashi wajen ƙarfe 2 na rana. A wannan lokacin mahaifin yaro Bahaushe yana Mile 12 cikin buhunan albasa, ko yana mayankar Oko-Oba ta Agege, ko yana dako a Oshodi, ba zai koma gida ba sai dare. Uwa tana fama da sana'arta ta cikin gida. Tsakanin azahar da magariba akwai sa'o'i huɗu ko biyar da yaro ba ya hannun kowa, kuma a nan tarbiyya take gyaruwa ko ta lalace.

Coci-coci da yawa sun gane haka tuntuni. Suna buɗe darasin yamma kyauta, abin da muke kira lesin: a taya yaro aikin gida, a koya masa karatu da lissafi, a ba shi ɗan abin taɓawa, a rufe da waƙa da addu'a irin tasu. Wani lokaci matasa 'yan sa kai daga Amurka ko Turai sukan zo su yi makonni suna taimakawa. Idan maganar ta zo majalisar dattawanmu, amsa ɗaya ce: "Za su juya mana 'ya'ya." Sai a ja kunnen yara, a tashi. Washegari yaron yana gindin gadar Oshodi tare da 'yan tasha, ba wanda ya ce uffan.

Tsoron iyaye ba a banza yake ba. Coci ba ta ɓoye cewa wa'azi yana cikin aikinta. A 1893 mutum uku da suka kafa ƙungiyar mishan ta SIM suka sauka a Legas da nufin shiga yankin da a lokacin ake kira Sudan, wanda ya haɗa da ƙasar Hausa, kuma daga aikinsu cocin ECWA ta samo asali. Likita Walter Miller ya zauna a Zariya yana haɗa magani da makaranta da bishara, har aikin ya koma Wusasa. Iyalan Hausawa Kirista da ke can da ma nan Legas suna da cikakken haƙƙin kai 'ya'yansu inda za a koya musu addininsu. Haka shi ma uba Musulmi yana da haƙƙin ya san abin da ake zuba wa ɗansa a kunne. Duk shirin da zai karɓi yaro ba da sanin iyayensa ba, ko ya mai da biskit da littafi tarkon sauya addini, ya ci amana, ko coci ce ta yi ko masallaci.

Su ma baƙin da ke zuwa daga ƙetare akwai abin da ya kamata a faɗa musu. Yaro ba ya buƙatar malamin da zai saba da shi mako biyu, ya ɗauki hotonsa ya sa a Facebook, ya hau jirgi. A 1961 wata matashiya 'yar sa kai ta ƙungiyar Peace Corps ta Amurka ta rubuta kati a Ibadan tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, aka yi zanga-zanga, ta bar ƙasar. Darasin yana nan: wanda ya zo taimako ya fara da girmama mutanen da ya tarar, ya yi aiki ƙarƙashin malaman gida da za su ci gaba bayan tafiyarsa.

Amma kaso mafi girma na laifin namu ne. Yaronmu yana jin Hausa a gida, ana koyar da shi da Turanci a aji, kuma tun 2018 dokar jihar Legas ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu. Harsuna uku a kan yaro ɗan shekara bakwai, ga uba da uwa da wataƙila ba su yi boko ba. Wa zai zauna da shi ya duba littafinsa? Idan wani ya bar ƙasarsu ya zo ya yi abin da mu da muke maƙwabtan yaron muka kasa, kunya ya kamata mu ji kafin fushi.

Ba mu rasa abin yi da shi ba. Islamiyyoyinmu na Zangon Agege, Idi-Araba da Obalende suna da ɗakuna da benci, kuma yara sun saba zuwa. Ƙara sa'a ɗaya ta lissafi da Turanci bayan hadda ba zai rage wa Alƙur'ani komai ba. Muna da 'ya'ya a UNILAG da LASU da Yabatech, ga matasan Arewa masu yi wa ƙasa hidima a jihar nan. Muna da 'yan kasuwar da kuɗin alli da littattafai na shekara guda bai kai ribarsu ta yini ɗaya ba. Abin da babu shi ne wanda zai ce "ni zan fara".

Kira nake ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwanni: kowace unguwa ta buɗe ajin yamma nata, a rubuta sunayen malaman sa kai, a bincika halinsu kafin a ba su yara. Ku iyaye kuma, idan ɗanku yana zuwa lesin a wani wuri, ku taka ku je ku ga wurin da idonku, ku tambayi abin da ake koyarwa, ku faɗi iyakarku cikin mutunci. Wanda ya hana ɗansa zuwa can, wajibi ne ya samar masa wani wurin zuwa.