Fuska Ba Mabuɗi Ba Ce

Jama'a, ku ba ni aron kunnuwanku in yi 'yar magana a kan wani baƙon abu da ya soma shigowa gidajen haya na Abuja, watau na'urar nan mai gane fuskar mutum. A kan kafa ta a bakin ƙofa, ta ɗauki kamannin kowane ɗan haya ta ajiye. In ka zo ta shaida ka, ƙofa ta buɗe. In ba ta shaida ka ba kuwa, sai ka tsaya waje.

A hutun da ya wuce na tafi gai da goggona a wani rukunin gidaje da ke hanyar filin jirgin sama. Na iske ta bakin ƙofa da kayan cefane, tana matsawa gaba tana ja da baya, tana gyara mayafi, abin nan ya ƙi saninta. Shekararta shida a gidan! Maigadi ya san ta, ya san 'ya'yanta, amma an karɓe masa iko. Abin da ya iya faɗi shi ne, "Mama, ki yi haƙuri, sai an kira ofis."

Masu gidaje sun ce don tsaro ne. Ban ƙi ba, gama ɓarayi da masu satar mutane sun firgita kowa. Amma a 2019 hukumar awo ta gwamnatin Amurka, NIST, ta jarraba dabarun gane fuska har 189, ta iske da yawa cikinsu sun fi ɗaukan wani a kan wani in fuskar ta mutumin Afirka ta Yamma ce ko ta Gabas. Ashe abin da ya tsai da mai ɗaki yana iya buɗe wa wanda ba a sani ba.

To, a ce ma ba ta kuskure. Mabuɗi in ya ɓata sai ka sayi sabon kwaɗo, amma in aka sace kamannin fuskarka daga kwamfutar mai gida, a wace kasuwa za ka sayi wata? Har wa yau, mabuɗi ba ya kai tsegumi. Ita kuwa na'ura tana iya rubuta sa'ar da ka fita da sa'ar da ka komo, da baƙon da ya zo maka daga ƙauye da kwanakin da ya yi. Sashe na 37 na tsarin mulkinmu na 1999 ya tsare wa kowa sirrin gidansa, bai ce ban da ɗan haya ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wannan. Bisa dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya a Abuja, mai biyan shekara-shekara, in ba su yi wata yarjejeniya dabam ba, sai an ba shi notis na wata shida, sa'an nan na kwana bakwai, sa'an nan a tafi kotu. Dā mai gida mai son zalunci sai ya kawo kafinta ya cire ƙofa, maƙwabta suna gani. Yanzu yana zaune a falonsa zai share sunanka da ɗan yatsa guda, ka dawo daga aiki ƙofa ta ce ba ta san ka ba.

Doka kam akwai. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta sa kamannin fuska da zanen yatsa cikin bayanai masu bukatar tsaro na musamman, ta kuma ce yarda sai wadda aka bayar da son rai. Amma wanda ya sha yawon neman ɗaki daga Kubwa har Gwagwalada, ya biya kuɗin shekara da na dillali, in an ce ya sa hannu, ina son rai a nan?

An yi irin wannan a Buruklin ta birnin Niyok. Mai gidajen Atlantic Plaza Towers ya so ya kafa na'urar, sai 'yan haya fiye da 130, yawancinsu baƙar fata, suka kai ƙara ga hukumar gidaje a 2019, har ya janye. A 2021 birnin ya yi doka, a share bayanan ɗan haya cikin kwana 90 bayan ya tashi.

Roƙona ga Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, tun da a nan Abuja take, ta fito da ƙa'ida ta gidajen haya tun icce yana ɗanye. Wanda bai so ba a ba shi mabuɗi ko kati, ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Kada a ɗauki fuskar yara da baƙi. Mai gidan da ya share sunan ɗan haya ba da iznin alƙali ba, a hukunta shi kamar wanda ya cire ƙofa.

Mu kuwa 'yan'uwana ɗalibai, gobe za a rarraba mu makarantu da ɗan albashinmu na malanta, kuma haya za mu kama. Kafin ka sa hannu, ka tambayi inda za a ajiye hotonka da wanda zai gan shi, ka kuma ce a rubuta maka cikin takardar cewa za a ba ka mabuɗi a hannu.