Ƙanƙarar da ke narkewa a Girinland, daminarmu take ci



Akwai wata magana da ta daɗe a bakin masana, wadda in mutum ya ji ta da farko sai ya ɗauka ba'a ce. Wai wannan ɗumama da duniya ke yi tana iya jefa Ingila da Nowe da maƙwabtansu cikin tsananin sanyin da ko kakanninsu ba su gani ba. Na ji wani ɗan'uwa ya kwashe da dariya ya ce, "To mu ina ruwanmu? Su suka hura wutar, su sha hayaƙinta." Cewa su suka hura, gaskiya ne. Amma cewa babu ruwanmu, nan kam ya yi kuskure babba, kuma kuskuren nan nake so mu gyara a yau.

Ka sani, ya ɗan'uwa, cikin Tekun Atilantika akwai wani irin kogi da ke gudana ba dare ba rana. Ruwa mai ɗumi da gishiri yana tasowa daga yankuna masu zafi, ya ratsa ta gaɓar Amurka, ya miƙe arewa har ya kai kusa da Girinland da Aisland. A can sai ya saki zafinsa cikin iska ya yi sanyi, kuma da yake ruwa mai sanyi da gishiri ya fi nauyi, sai ya nutse can ƙasa ya juyo kudu, wani ruwan ɗumin ya biyo ya maye gurbinsa. Wannan kewayo shi masana ke kira AMOC a taƙaice. Tun 2004 aka jera na'urori daga gaɓar Filorida zuwa tsibiran Kanari ana aunawa, aka samu yana ɗauke da ruwa kimanin kubik mita miliyan 17 a kowane sakan, wato ya ninka ruwan dukkan kogunan duniya fiye da sau 10. Yana daga cikin manyan dalilan da suka sa birnin Landan ke da sauƙin hunturu, alhali yankin Labrado na Kanada da suke layi ɗaya a taswira yana daskarewa, kuma tashoshin jiragen ruwa na Nowe suke aiki duk shekara.

To ina ƙanƙara ta shigo? Ƙanƙarar da ke kan Girinland ba ta da gishiri. A shekarun da taurarin ɗan Adam suka auna tun daga 2002, tsibirin yana asarar ƙanƙara wajen tan biliyan 270 a shekara. Wannan ruwan daɗi idan ya kwarara cikin teku sai ya tsarma gishirin, ruwan ya yi sauƙi ya ƙi nutsewa, kamar yadda man gyaɗa ke tsayawa a saman ruwa. In na gaba bai nutse ba, na baya bai da wurin shiga. Haka kogin zai yi ta raguwa, ɗumin da yake kai wa arewa ya ragu tare da shi.

Kada ka zaci hasashe ne kawai, abin ya taɓa faruwa. Kimanin shekaru 12,900 da suka wuce, a daidai lokacin da duniya ke fita daga zamanin ƙanƙara, sanyi ya dawo wa arewacin Turai bagatatan, ya zauna fiye da shekara 1,000. Mafi yawan masana suna ɗora alhakin a kan ruwan narkakkiyar ƙanƙarar Amurka ta Arewa da ya malala cikin teku ya raunana wannan kewayo.

A kan yaushe zai sake faruwa, masana sun saɓa, kuma adalci ne a faɗa. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na 2021 akwai ƙwaƙƙwaran zato kewayon zai yi rauni a wannan ƙarni, amma bai yi tsammanin zai tsaya cik kafin 2100 ba. A 2023 kuwa Peter da Susanne Ditlevsen na Jami'ar Kofanhagan suka yi lissafin cewa yana iya durƙushewa tsakanin 2025 da 2095, wasu masanan suka soki lissafin. A watan Oktoban 2024 masana fiye da 40 suka rubuta wa ministocin ƙasashen arewacin Turai buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa an raina haɗarin. Saɓaninsu duka a kan lokaci ne da tsanani. Mai hankali kuwa ba ya jiran sai an tantance ranar da soro zai rufta kafin ya tokare shi.

Yanzu mu dawo gida. Daminarmu tana bin zafi ne. Zirin giragizan da ke ba mu ruwa yana hawowa arewa daga watan Mayu, yana karkata ga ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi. Idan arewacin Atilantika ya yi sanyi, sai zirin ya noƙe ya tsaya kudu, Sakkwato da Katsina da Maraɗi da Damagaram su yi ta kallon sama. Tambayi dattawan unguwarku farin 1973 da na 1984, su ba ka labarin yadda shanu suka ƙare, magidanta suka bar garuruwansu. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ƙanƙance bai kai kashi 1 cikin 10 ba. Tun 1986 masanan yanayi na Ingila suka nuna cewa wannan fari ya zo daidai da lokacin da tekun arewa ya fi na kudu sanyi, kuma bincike daga baya ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan hayaƙin masana'antun Turai da Amurka da ya tare hasken rana. Wancan ɗan sanyi ne kaɗan. Ina ga in kogin ɗumin kansa ya tsaya? A 2017 wasu masana na Faransa suka gwada a kwamfuta abin da narkewar Girinland da sauri za ta haifar, suka ga ruwan Sahel ya ragu ƙwarai, ƙasar noman gero da dawa ta tsuke, miliyoyin mutane sun rasa abin yi sai ƙaura. Baturen Landan zai ƙara wa ɗakinsa wuta ya sayi abinci daga waje. Manomin da rumbunsa ya bushe fa, me zai ƙara?

Nan zaluncin yake. Afirka, mai kusan kashi 1 cikin 5 na mutanen duniya, ba ta fitar da abin da ya wuce kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kwal da man fetur da ke ɗumama duniya. Manyan ƙasashe sun yi alkawari a 2009 cewa zuwa 2020 za su riƙa ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 a shekara, ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne. Rage hayaƙin nan haƙƙinmu ne a wuyansu, ba alfarma ba, kuma wajibi ne masu magana da yawunmu a tarukan duniya su faɗe shi haka.

Mu kuma matasa, aikinmu na farko mu san abin. Masu karatun boko a cikinmu su shiga ilimin ƙasa da na yanayi, don kada kullum mu zama masu jiran wani ya faɗa mana makomar gonarmu. Manomanmu su nemi irin da ke nuna da wuri, su koyi sassaben zamani irin na mutanen Maraɗi da Damagaram, waɗanda suka bar kututture ya tofo har suka dawo da miliyoyin itatuwa gonakinsu. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan karon wutar ɗaya ce, kuma namu gemun ya fi bushewa.