Agogonka Ya Ce Ƙwaƙwalwarka Ta Gaji? Kar Ka Yi Saurin Yarda

Yawancin agogunan zamani yanzu suna da wajen da aka rubuta Stress, wai suna auna nauyin da ke kan ƙwaƙwalwarka. A ganina abin yana da tushe, amma hasashe ne, kar ka ɗauke shi awon likita.

Ga yadda yake aiki. Tazarar da ke tsakanin bugun zuciya ɗaya da na gaba tana ɗan canzawa, wannan canjin shi ake kira HRV. In hankalinka a kwance yake, canjin yana da yawa. In ka duƙufa kan lissafi mai wuya ko tuƙi cikin cunkoso, zuciya ta ƙara sauri, tazarar ta koma kusan iri ɗaya, jini kuma ya ɗan hau. Koriyar fitilar nan ta bayan agogo tana haska fatarka, wata ƴar na'ura a gefenta ta karanta kai-komon jini. Da wannan Garmin ke ba ka maki daga 0 zuwa 100. Masu bincike ma suna gwada hanyar a kan matuƙa jirgin sama da direbobi.

To ina matsalar? Zazzaɓi, rashin barci da ƙishirwa duk suna saukar da HRV. Agogo bai san ko tunani ne ya yi maka yawa ko maleriya ce ke tafe ba.

Awon hawan jini ya fi haɗari. Galaxy Watch na Samsung ma sai ka daidaita shi da abin awo na damtse duk sati 4. Ina ga mai arha na kan tebur? Mu da muke buɗe su muna cin karo da waɗanda fitila ce kawai a ciki, ba abin da ke karanta komai. Gwada naka: ɗaura shi a jikin robar ruwa. In ya kawo lamba, to ƙirƙirarta yake yi.

Shawarata, ɗaure agogon ya kama hannu sosai, ka riƙa kwatanta makin yau da naka na sauran kwanaki, ba da na abokinka ba. In ya yi sama kwana biyu uku, ka rage aiki ka samu barci. Mai hawan jini kuwa, don Allah kar ka ajiye magani saboda agogo ya nuna 120/80. Je asibiti a auna ka.

Wanda ya gwada nasa a robar ruwa, ya faɗa mana abin da ya gani.