Wanda Aka Sallama, Za A Sake Kiransa?

Wannan wata tambaya ce ta iso mana daga wajen Rai Buba. Iyaye da yawa a ƙasar Mayo-Rai sun sayar da auduga, wasu har da shanu, don ɗansu ya karanta ilmin kwamfuta a Jami'ar Ngaundere. To ga shi kullum rediyo na cewa manyan kamfanonin fasaha sai korar ma'aikata suke yi. Shin guguwa ce mai wucewa, ko kuwa ƙofar ce aka tsuke?

Bari mu fara da lissafi. A Nuwamban 2022 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya sallami mutum 11,000, ya ƙara da 10,000 a 2023. A Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuma 18,000. Twitter ma bai bar ƙaramin ofishinsa na Accra ba. Hujjarsu ita ce sun ɗibi mutane fiye da kima lokacin korona, da duniya ta koma kan intanet.

Sun sake ɗauka kuwa? Sun ɗauka, amma a dubi yadda abin yake. Meta na da ma'aikata wajen 87,000 kafin korar, suka sauko zuwa 67,000 a ƙarshen 2023, suka hau 74,000 a ƙarshen 2024. Wato ba a cike gurbin ba, kuma inda kamfanin ya fi zuba kuɗi shi ne ƙirƙirarriyar basira, ba tsofaffin kujerun ba. A 2025 Microsoft da Amazon suka sake korar dubbai, alhali riba suke ci. Wanda ya kori mutum saboda asara yana iya nemansa in kasuwa ta gyaru. Wanda ya kore shi yana cikin riba fa, ya gano ne aikin na tafiya ba da shi.

Mu 'yan Kamaru ai ba baƙon abu ba ne gare mu. Dattawanmu na Garwa ba su manta da zamanin “kwamfireshan” ba, lokacin da asusun IMF da Bankin Duniya suka sa gwamnati ta ɗaure ɗamara. A 1993 aka zaftare albashi har sau biyu, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Da yawa daga waɗanda aka sallama sun ajiye takardunsu a ƙasan akwati suna jiran kira. Tattalin arziki ya farfaɗo daga baya, amma kiran bai zo ba. Regifercam ta zama Camrail a 1999, jirgin Ngaundere bai daina tafiya ba, sai dai da hannaye kaɗan. Wasu suka koma gona, wasu acaɓa, wasu tireda. Haka da Jumia ya rufe kasuwarsa ta intanet a Kamaru a Nuwamban 2019, an ce dakatarwa ce.

Amma fa kada mu yi wa zancen rabi. Shigowar wayar salula ta MTN da Orange ta ciyar da gidaje da yawa, galibi ba daga cikin ofis ba: masu sayar da kati, masu gyaran waya a babbar kasuwar Garwa, masu rumfar tura kuɗi har Cholire da Tuboro. Ba albashi, ba fansho, amma tukunya na hawa murhu.

Don haka a ganinmu, Alhaji, kada a cire yaro daga makaranta, kada kuma a yi masa alkawarin kujera a Duwala ko Amurka. In ya zo hutu a tambaye shi: zai iya haɗa wa shago wutar sola? Zai iya tsara wa ƙungiyar manoman auduga lissafinta a kwamfuta, su san abin da Sodecoton zai cire na taki kafin ranar biya? In ya yi shiru, a haɗa shi da mai gyaran waya har hutun ya ƙare.