Bin Takarda Daban, Kamun Ƙafa Daban

Makon jiya Baba ya kira ni daga Mairuwa bayan sallar isha'i, lokacin da bai saba kira ba. Lis ɗin farko ya fito, babu sunan ƙanwata a likitanci. Ba a ce an ɗauke ta ba, ba a kuma ce an ƙi ta ba, shafinta na JAMB dai yana nan yana cewa ana kan aiki. Wai wani mutum ya tare shi a Funtua ya ce yana da hanya, in za a kawo kuɗin masara buhu huɗu. "Kai da ka san boko," in ji Baba, "a ba shi ne, ko kuwa mu nemi malamin nan da ya duba mata takardu ranar tantancewa? Ta ce mutumin kirki ne, har da raha ya yi mata."

Na ce, "Baba, don Allah a bar masarar nan a rumbu tukuna." Daren nan ban yi barcin kirki ba, domin tambayar tawa ce, ni na taɓa amsa ta ba daidai ba.

Mu faɗa wa juna gaskiya. Da yawa daga cikinmu a wannan makaranta, musamman mu 'yan sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, ba nan muka fara cikewa a fom ba. Likita muka so zama. Yanzu kuma ƙannenmu sun taso, kuma tunda mu ne "na makaranta" a gida, mu ake kira idan lis ya fito babu suna. Abin da za mu ce musu yana iya cin shekara guda ta rayuwar yaro, ko amfanin gonar gida.

Ni a 2021 na yi JAMB ɗina na farko. Wanda ya fito daga Faskari, Ƙanƙara ko Sabuwa ba sai an tuna masa wannan shekarar ba. A watan Satumba aka yanke sabis na waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, mu ma muna ciki, bai dawo ba sai wajen Disamba. Kafin ka leƙa shafinka sai ka hau mota ka nemi garin da sabis ke kamawa. Na dai samu na je tantancewa a wata jami'a, wani lakcara ya karɓi takarduna, ya ga adireshi, ya yi murmushi ya ce ya san Mairuwa, yana wucewa ta gefen dam ɗinmu in za shi Gusau. Shi ke nan, na dawo gida ina jin na yi uba a jami'a.

Da sabis ya dawo kuma babu sunana, sai na nemo lambarsa ta hannun wani. Na kira da safe, na kira da yamma. Kowace Juma'a sai na tura masa barka da Juma'a har da addu'a mai tsawo, a ƙasa in liƙa lambar jarrabawata kamar ba da gangan ba. Idan na tuna yanzu kunya ce ke kama ni. Ranar da ya gaji ya ɗauka, bai yi min faɗa ba. Ya ce, "Yaro, ni takardu kawai aka ba ni in duba a ranar nan. Lis ba ya hannuna. Ka ma duba an ɗora sakamakonka na NECO a shafinka kuwa?"

Ba a ɗora ba. Na cike fom ina jiran sakamako, da ya fito ban koma cibiyar kwamfuta an ɗora shi ba, ban ma san ana yi ba. Makonni na yi ina bin ƙafar mutum, alhali matsalar tana cikin fayil ɗina, kuma gyaranta bai wuce aikin rabin wuni ba. Ba zan yi ƙarya in ce da an ɗora da yanzu ina asibiti da abin awo a wuya ba. Makina bai kai na likitanci ba, na sani. Amma ko wani kwas ɗin ba za a iya ba ni ba tunda fayil bai cika ba. Daga nan yajin aikin ASUU na 2022 ya zo ya kwashe wata takwas, na sake zama a gida.

To ga ra'ayina: a bibiya, kar a zauna. Amma takarda ake bi, ba mutum ba.

Dalili na farko shi ne yadda tsarin yake. Tun 2017 JAMB ta kawo CAPS, inda jami'a ke tura sunayen waɗanda take son ɗauka, JAMB ta amince, ɗalibi kuma ya shiga da kansa ya danna ya karɓa ko ya ƙi. Hukumar ta sha nanata cewa duk gurbin da aka bayar a bayan wannan tsarin ba ta san da shi ba, kuma mun ga yayyenmu da suka gama karatu suka zo suna faman gyaran takardu kafin bautar ƙasa saboda irin wannan. A jami'o'in tarayya ƙa'idar rabon ita ce kashi 45 ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka ce suna baya a boko, kuma Katsina na cikinsu. Likitanci yana da ƙarin takunkumi: MDCN, hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori, ita ke yanka wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta iya horarwa, gwargwadon malamai da kayan aiki da asibitin koyarwa. Makarantar da ta zarce tana iya jawo wa kanta hukunci. Saboda haka lakcaran da ya yi maka murmushi ba shi da kujera a aljihu. Lis na biyu yakan fito ne daga guraben da suka rage, ko waɗanda wasu suka samu ba su karɓa ba, ko aka cire su saboda takardu. Wato layi ne, kuma kana da wuri a cikinsa.

Na san abin da abokaina na ɗaki za su ce, don sun riga sun faɗa min: "Malam, kai ma ka san ƙasar nan. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya." Ban musa ba. Ba daga sama na faɗo ba. Amma a yi lissafi mana. Idan aka mayar da neman gurbi gasar waye ya san wa, wa zai ci? Babban mutumin da na sani a duniya hedimastan firamare ne mai ritaya. Wani kuma babansa waya ɗaya zai buga daga Abuja. Mu 'yan ƙauye babu abin da ke kare mu sai layin nan, shi ne kawai wurin da maki 270 na ɗiyar manomi ya fi 230 na ɗan wane. Duk ranar da waya ta ɗaga wani sama, akwai wanda aka danne, kuma galibi irinmu ne: yaro daga Sabuwa da ya yi karatu da fitilar waya, bai ma san an yi da shi ba. Ban ga hikimar mu taya rushe katangar da muke fakewa a bayanta ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Ni namiji ne, abin da naci ya jawo min kunya ce kawai. Yarinya 'yar shekara 18 da ke kiran wani babban mutum a keɓe tana roƙon alfarma, ta saka kanta a inda ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Mafi yawan malamai mutanen kirki ne, kamar wanda na dama da kira. Amma ba a gane wanda ba na kirki ba sai an riga an shiga hannunsa. Wannan kaɗai ya ishe ni in ce wa Baba a'a. Shi kuwa mai hanyar Funtua ba sai na ɓata tawada a kansa ba: in sunan ya fito da kansa ya ce shi ne, in bai fito ba wayarsa ta daina shiga.

Ɗaya ɓangaren ma ban yarda da su ba, masu cewa a yi shiru, in da rabo zai zo. Shirun nan da muke kira kunya ko tawakkali, wani lokaci rashin sani ne kawai ya yi ado. Ni shiru a kan fayil ɗina ne ya ci ni. A Amurka, inda galibi sai mutum ya gama digirin farko kafin ya shiga likitanci, ana yi wa masu nema ganawar baka, waɗansu a saka su a jerin jiran gurbi. Abin da aka saba a can shi ne mai jira ya rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ofishin ɗaukar ɗalibai, ya ce har yanzu yana so, ya ƙara da wani sabon abu in akwai. Wasu makarantun ma sukan ce ba sa son ko wannan, kuma dole a bi. Ofis ake rubuta wa, a kan ƙa'idar da ofis ya shimfiɗa. Ba wanda ya hana mu yin haka a nan.

Ga abin da na sa ƙanwata ta yi. Ta je cibiyar kwamfuta da JAMB ta amince da ita, ba kowane shagon buga takardu ba, aka tabbatar sakamakonta na WAEC yana kan shafinta, da darussa biyar ɗin da ake nema: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji. Ta duba ko jami'ar ta yi mata tayin sauya kwas, domin irin wannan tayin ba ya tafiya sai ɗalibi ya amince da kansa, kuma yara da yawa ba sa lura da shi. Sannan muka rubuta wasiƙa ɗaya, rabin shafi, zuwa ofishin ɗaukar ɗalibai: sunanta, lambar jarrabawa, maki, jiha da ƙaramar hukuma, da tambaya guda, shin akwai abin da ya rage a fayil ɗinta? Babu labarin talauci, babu "ka taimaka min don girman Allah". Ta kai da hannunta tare da yayarmu, ta nemi a buga mata hatimi a kan kwafi. In da matsalar daga JAMB ce, akwai ofishinsu a Katsina, akwai kuma wurin shigar da ƙorafi a shafinsu.

Malamin da ya yi mata raha fa? In ta haɗu da shi a hanya ta gaishe shi da ladabi, ta wuce. Godiya ba laifi ba ce. Godiyar da aka liƙa wa lambar jarrabawa a ƙasa ce ba godiya ba.

Abu na ƙarshe da muka yi gardama a kai da ita shi ne jira. Ta ce likitanci ko babu. Na ce mata ni ma haka na ce. Makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Funtua, kusa da gida, ana yin IJMB, hanya ce ta shiga aji biyu kai tsaye ga wanda ya ci da kyau. Kuma kar wani a cikinmu ya ruɗi ƙaninsa cewa difloma za ta kai shi likitanci a sauƙaƙe; a buɗe kundin sharuɗɗan JAMB a karanta abin da kowace jami'a ke karɓa kafin a ba yaro shawara. Ina ma ƙungiyarmu ta ɗalibai za ta ware ko da tebur ɗaya a lokacin fitar lis, inda waɗanda suka sha wannan wahala za su zauna su duba wa ƙannenmu shafukansu kyauta. Kuɗin da muke kashewa a daren al'adu ya ninka abin da wannan zai ci.

Jiya ta kira ni. "Yaya, sun amsa. Sun ce fayil ɗina ya cika, in ci gaba da duba shafina." Ta ce amsar ba ta da daɗi, na ce na sani. Baba ya karɓi wayar ya ce mutumin Funtua ya sake aikowa, wai ya rage zuwa buhu uku.